Raha da Halin Ɗan Adam a Waƙoƙin Jamusanci na Murya da Piyano

1.0 Gabatarwa

Idan aka ba ɗalibin harshe waƙar baka ya yi nazari, hanyar da ya saba bi sananniya ce. Zai saurari waƙar, ya juye kalmominta a takarda, ya kashe na'ura, sannan ya shiga neman turke da salo a cikin abin da ya rubuta. Hanyar tana da amfani, domin ba a iya tsettsefe nahawu ko adon harshe sai magana ta zauna wuri ɗaya. Amma tana tattare da wata asara da ba kowa ke lura da ita ba, wato kiɗa ba ya biyo ɗalibi zuwa takarda. In kuwa makaɗi ya ajiye rabin maganarsa a cikin kiɗan, to nazarin ya tsaya ga rabin waƙa ke nan, har wani lokaci hukuncin da za a yanke ya zama kishiyar abin da waƙar ke nufi.

Wannan takarda ta ɗauko misali daga nesa domin a ga girman wannan asara. Misalin shi ne waƙoƙin Jamusanci waɗanda murya ɗaya ke rerawa piyano yana raka ta, tun daga Haydn da Mozart a ƙarshen ƙarni na 18 har zuwa Wolf da Mahler a ƙarshen ƙarni na 19. An fi sanin waɗannan waƙoƙi da jigon soyayya da bege da mutuwa, har wasu ke zaton babu raha a cikinsu. Akwai ta, kuma mai yawa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, mafi ingancin wannan raha tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da murya ke faɗi da abin da piyano ke faɗi, kuma a cikin wannan tazara ne ake tona halin ɗan Adam: yadda yake ruɗin kansa, da yadda ba ya barin halinsa.

2.0 Ma'anar Lied da Yadda Ake Gina Ta

Kalmar Lied a Jamusanci tana nufin waƙa kowace iri, jam'inta Lieder. A fagen nazarin kiɗa kuwa an keɓe ta ga wani nau'i: rubutacciyar waƙa ta wani sha'iri, wadda wani mai tsara kiɗa ya ɗauka ya yi mata rauji, ya kuma rubuta wa piyano nasa rabon. Mutum biyu ke aiwatar da ita, mai rerawa da mai buga piyano. Da fari a cikin gidaje ake yin ta tsakanin abokai, kamar tarukan da ake yi wa Franz Schubert (1797–1828) a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. Shi Schubert ya bar waƙoƙi fiye da 600, kuma daga gare shi ne nau'in ya sami martabar da yake da ita.

Wanda ya san Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya riga ya san siffar abin ta waje: murya ɗaya, abin kiɗa ɗaya, babu ƴan amshi. Sai dai akwai bambanci babba. Ɗan Maraya shi ke da kalmomin, shi ke da raujin, shi ke da kiɗan. A Lied kuwa mai kalmomi daban, mai kiɗa daban, sau da yawa ma ba su taɓa haɗuwa ba, ko kuma sha'irin ya daɗe da mutuwa. Saboda haka mai tsara kiɗa makaranci ne kafin ya zama makaɗi. Yana iya yarda da sha'iri, yana iya ƙara masa, yana iya yi masa gardama. Wannan ne ya sa babban sha'irin Jamus, Goethe, ya fi son kiɗa mai sauƙi irin na abokinsa Zelter, wanda ba ya shiga gaban kalmomi. Da aka aika masa da tarin waƙoƙin Schubert a 1816, an maido su ba tare da amsa ba.

Kalmomi uku za su yi ta dawowa a nan gaba. Kiɗan buɗewa shi ne abin da piyano ke bugawa kafin murya ta shigo. Kiɗan rufewa shi ne abin da yake bugawa bayan murya ta yi shiru. Amo mai haske da amo mai duhu kuwa su ne manyan jerin sautuka biyu na kiɗan Turai, wanda kunnensu ya saba danganta na farko da walwala, na biyu da damuwa.

3.0 Rahar Kwaikwayo

Mataki na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne inda kiɗa ke kwaikwayon wanda ake yi wa dariya. A waƙar Joseph Haydn mai suna Lob der Faulheit, wato yabon lalaci, wadda aka buga a 1784 bisa kalmomin Lessing, wani malalaci ne ya ɗaura niyyar yi wa lalaci kirari. Haydn ya yanyanka raujin da tsaiko iri-iri kamar na mai hamma, har mutumin ya kasa kai yabon ƙarshe, don abin da yake yabo ya kama shi. A waƙar Mozart ta 1787, Die Alte, wata tsohuwa ce ke kukan lalacewar zamani, tana cewa a lokacinsu komai na kan hanya. Mozart ya rubuta umurni cewa a rera ta da ɗan hanci, ya kuma ba ta kiɗa irin na tsohon yayi. Duk wanda ya karanta kalmomin kawai zai iya ɗaukar su a matsayin nasiha. Umurnin nan guda ne ya mai da su zolaya.

Johannes Brahms ya kai wannan salo wani matsayi a Vergebliches Ständchen, wadda aka buga a 1882. Saurayi ne ya zo zance da dare yana roƙon a buɗe masa ƙofa, budurwa ta ƙi. Da ya ga roƙo bai ci ba sai ya koma neman tausayi, yana cewa sanyi zai daskarar masa da zuciya har son ya mutu. A daidai wannan baiti Brahms ya juya raujin zuwa amo mai duhu, piyano yana kaɗawa kamar iskar hunturu. Amma raujin bai canja ƙafa ba, shi ne dai na farko aka shafa wa toka. Mai sauraro ya gane kukan na dabara ne tun kafin yarinyar ta ce masa in son zai mutu ya mutu, ya tafi gida ya kwanta.

Rahar wannan mataki tana da daɗi, amma ba ta da zurfi sosai, domin murya da piyano duk bakinsu ɗaya.

4.0 Beethoven da Ƙuman Sarki

A cikin wasan kwaikwayon Goethe mai suna Faust akwai inda shaiɗanin wasan, Mephistopheles, ya shiga wata mashaya a birnin Leipzig ya rera wa mashaya waƙa. Ludwig van Beethoven ya yi mata kiɗa, aka buga a 1810. Labarin shi ne, wani sarki yana da wani ƙaton ƙuma da yake so kamar ɗan cikinsa. Ya kira tela ya ɗinka masa kayan karammiski da alharini, aka rataya masa lambar girma, aka naɗa shi minista. Danginsa su ma suka zama manya a fada. Suka dinga cizon fadawa da matan fada har da sarauniya, amma babu mai ikon yin susa, balle ya murtsuke su. Waƙar ta ƙare da mashaya suna alfahari cewa su kam da zarar ƙuma ya cije su sai su murtsuke shi.

Zambon a fili yake. Ana nufin bafaden da ba shi da wata daraja sai son da sarki ke yi masa, da kuma manyan da suka gwammace su sha cizo da su rasa kujera. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma wannan waƙa ba ta wanke sarkin ba, don shi ya kira tela.

Abin da Beethoven ya ƙara abu biyu ne. Na farko, murya tana ba da labarin da natsuwa kamar mai karanta sanarwar fada, alhali tsakanin baiti da baiti piyano yana ƴan tsalle-tsalle ƙanana masu kaifi. Ƙuman na nan a cikin kiɗa ko da an sa masa alkyabba. Na biyu, a kiɗan rufewa Beethoven ya rubuta cewa a buga jerin sautukan ƙarshe da babban yatsa, yana zamewa daga maɓalli zuwa maɓalli. Babu wani dalili na sauƙin bugu da zai sa a yi haka. Dalilin shi ne masu kallo su ga babban yatsa yana murtsuke abu. Wannan raha ko a faifai ba ta fita duka, sai an ga hannun makaɗi. A nan ɗalibi zai lura cewa aiwatarwa ma wani ɓangare ne na matani.

5.0 Schubert da Baitin da Aka Yanke

Die Forelle, wadda Schubert ya tsara a 1817, tana cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara. Sunan na wani kifi ne na ƙoramu masu sanyi. Mai magana yana tsaye a bakin rafi yana kallon kifin yana wasa a ruwa garai-garai. Ga masunci da fatsarsa. Mai kallo ya ce a ransa, muddin ruwan nan na da haske ba za a kama kifin ba, abin da Bahaushe zai ce kifi na ganin ka mai jar koma. Da masunci ya gaji da jira sai ya dama ruwan, kafin a ankara kifi yana lilo a ƙugiya.

Sha'irin, Christian Schubart, ya rubuta baiti huɗu. Na huɗun gargaɗi ne ga ƴan mata su yi hankali da masu yaudara. Schubert ya yanke wannan baiti, ya tsaya a na uku. Yana da kyau a san kuma cewa Schubart a kurkuku ya rubuta waƙar. A 1777 an yaudare shi ya shiga ƙasar sarkin Württemberg, Carl Eugen, wanda ya sha yi wa zambo a rubuce, aka kama shi aka tsare a ganuwar Hohenasperg shekara goma ba tare da shari'a ba. Saboda haka manazarta da yawa ke ganin kifin shi ne sha'irin kansa, gargaɗin ƴan mata kuwa mayafi ne.

Da aka cire baitin nasiha, sai nauyin ma'ana ya koma kan piyano. Tun daga kiɗan buɗewa akwai wani ɗan gudu mai tsalle da ke maimaituwa, wanda kunne ke ji kamar wulƙawar kifi a ruwa. Lokacin da aka dama ruwa kiɗan ya rikice, ya yi duhu, ya tsinke. Amma da aka kama kifin, mai magana yana cewa jininsa ya tafasa, sai ga raujin farko mai walwala ya dawo, ɗan gudun nan ma ya dawo kamar ba abin da ya faru. Kifi ya tafi, rafi yana ta wasansa.

A nan ne ake ganin halin ɗan Adam, kuma ba a jikin masunci ba, a jikin mai kallo. Ya ga abin da zai faru tun daga farko, bai ɗaga murya ba, bai jefa ko tsakuwa ba. Fushinsa na baki ne, raujin da yake rera fushin da shi ya tona shi. Wanda ya yi nazarin kalmomi kawai zai ce jigon waƙar tausayi ne. Wanda ya saurare ta zai ga ana yi wa irin wannan tausayi murmushi.

6.0 Schumann da Gatsen Heine

Robert Schumann ya tsara waƙoƙi fiye da 130 a shekara ɗaya, 1840, shekarar da ya auri Clara Wieck bayan doguwar shari'a da mahaifinta. Daga cikinsu akwai jerin waƙoƙi 16 mai suna Dichterliebe, wato soyayyar sha'iri, bisa baitocin Heinrich Heine. Heine gwanin gatse ne. Yakan gina baiti mai taushi, sannan ya soke shi da ɗango na ƙarshe. An daɗe ana muhawara ko Schumann ya fahimci wannan gatse ko kuwa ya lulluɓe shi da zaƙin kiɗa. Waƙoƙi biyu sun isa amsa.

A waƙa ta 11, mai magana da ya yi ta cewa ni, ni, tun daga farkon jerin, sai ya daina. Ya koma ba da labarin wasu: saurayi yana son yarinya, ita tana son wani, wanin yana son wata har ya aure ta, yarinyar don haushi ta auri wanda ya fara zuwa, saurayin farko ya tashi a tutar babu. Ya ce tsohon labari ne, amma wanda ya faɗa wa zuciyarsa ce ke tsagewa. Schumann ya ba wannan lissafi kiɗan rawa mai dukan ƙasa, irin na dandali, piyano yana dira nauyinsa inda ba a zata ba kamar mai dariyar dole. A ɗangon tsagewar zuciya kaɗai amon ya karkace ya yi duhu na ɗan lokaci, sannan kiɗan rufewa ya ci gaba da rawarsa har ya fi da ƙarfi. Mai sauraro ya san labarin na mai maganar ne. Rahar sulke ce, kuma an bar wurin da sulken ya tsage a gani.

A waƙa ta 16, ta ƙarshe, an yi amfani da kambamawa. Mai magana yana so a binne tsofaffin waƙoƙinsa da mafarkansa. Ya ce a kawo akwatin gawa da ya fi shahararriyar gangar giyar nan ta Heidelberg girma, wadda ke cin lita fiye da 200,000, da makara da ta fi gadar Mainz tsawo, da samudawa goma sha biyu su ɗauka su jefa a teku. Kiɗan yana taku da ƙasaita kamar na mai cika baki. Amma da ya zo faɗin dalilin girman akwatin, wato son da ciwon da zai zuba a ciki, sai takun ya narke. Murya ta yi shiru, piyano ya ci gaba shi kaɗai da dogon kiɗan rufewa mai taushi, wanda ya ɗauko raujinsa daga waƙa ta 12. Abin da aka ce an jefa a teku bai nutse ba. Murya ta yi alkawarin mantawa, piyano yana tunawa. Wannan ba rufe gatsen Heine ba ne, juya shi ne zuwa harshen da Schumann ya fi iyawa.

7.0 Wolf: Piyano Mai Tsegumi

Hugo Wolf (1860–1903) shi ne wanda ya fi kowa ɗaukar raha da muhimmanci a wannan fage. A 1888 ya tsara waƙoƙi 53 bisa baitocin Eduard Mörike, kuma da dama daga cikinsu na ban dariya ne. A Der Tambour wani yaro mai buga gangar soja yana gadi da dare cikin yunwa, yana fata da uwarsa mai sihiri ce, gangarsa ta zama akushin abinci, takobinsa ya zama tsiren nama, har barci ya sace shi kiɗan soja yana dusashewa. A Storchenbotschaft shamuwa biyu ne suka ƙwanƙwasa wa makiyayi ƙofa da dare. A al'adar Jamusawa ana gaya wa yara cewa shamuwa ke kawo jarirai. Makiyayin ya gane albishir ne, sai dai ya tsaya yana mamakin me ya sa suka zo su biyu, kafin gaskiya ta faɗo masa: tagwaye ne.

Mafi kyawun misali yana cikin kundinsa na waƙoƙin Italiya da Paul Heyse ya fassara, waƙoƙi 46 da Wolf ya kammala a 1896. A waƙa ta 11 wata yarinya tana faɗin yadda ta daɗe tana burin samun saurayi makaɗi, ga shi yanzu an cika mata buri, ga shi nan tafe da gogensa. Kalmomin sun ƙare a nan, babu aibin da aka ambata. Sai kiɗan rufewa ya shigo, inda Wolf ya umurci a buga da ɗari-ɗari da tangaɗi. Piyano ya kwaikwayi saurayin yana jan goge, yana laluben sauti, har ya ƙare da wata karkarwa mai jan ƙafa. Duk rahar waƙar tana cikin wannan wuri da babu kalma ko ɗaya. A takarda waƙar godiya ce. A kunne labari ne na wadda ta sami abin da ta roƙa.

Waƙar da ta rufe kundin Mörike, Abschied, ta shafi masu sharhi. Wani mutum ya shigo wa sha'iri ɗaki ba sallama, ya ce shi ne mai yi wa ayyukansa sharhi. Ya ɗauki fitila ya duba inuwar sha'irin a bango, ya yanke hukunci cewa hancinsa ya wuce ƙa'ida. Da ya tashi tafiya sha'irin ya raka shi bakin matakala, ya ɗan taɓa shi da ƙafa ta baya. Piyano ya gangaro da shi ƙasa, sannan ya ɓarke da kiɗan rawar walsa ta Viyana, ta murna. Waƙar tana sa dariya, amma a nan ya kamata matarki ya yi hattara. Wolf kansa ya yi aikin sharhin kiɗa a wata jaridar Viyana daga 1884 zuwa 1887, kuma ya yi wa Brahms kaca-kaca da alƙalami. Wanda ke harbin mai sharhi a matakala tsohon mai sharhi ne. Rahar ta ramuwa ce, ba ta juyo ta kalli mai yin ta ba, shi ya sa ba ta kai ta yarinya da mai goge zurfi ba.

8.0 Mahler: Hali Zanen Dutse

Gustav Mahler (1860–1911) ya ɗebo kalmominsa daga Des Knaben Wunderhorn, kundin waƙoƙin gargajiya da Arnim da Brentano suka tattara suka buga tsakanin 1805 da 1808. Ya tsara waƙoƙin ta fuska biyu, da piyano da kuma babbar ƙungiyar makaɗa. Biyu daga cikinsu sun yi amfani da dabbobi a matsayin mutane, dabarar da mai nazarin tatsuniya ya sani sarai.

A Lob des hohen Verstandes ta 1896, wato yabon zurfin hankali, tsuntsaye biyu ne suka yi gasar waƙa. Ɗaya tsuntsun dare ne da Turawa ke buga misali da zaƙin muryarsa, ɗayan kuwa kuku ne, wanda kukansa sauti biyu ne kacal. Kuku ya zaɓi jaki ya zama alƙali, hujjarsa ita ce jaki na da manyan kunnuwa. Jaki ya ce waƙar na farko ta juya masa kai, ya ba kuku nasara don shi ne ke tsare ƙa'ida. Mahler ya sa murya ta yi wani wawan tsalle daga sama zuwa ƙasa, haushin jaki sak. Zambo ne ga masu sharhi, kamar na Wolf, sai dai ya fi shi kaifi ta wuri ɗaya: ya nuna cewa mai gasa ne ya zaɓi alƙalin.

Ta biyun ta fi nauyi. A 1893 Mahler ya tsara waƙar wa'azin Antoniyo na Padua ga kifaye. Antoniyo, mai wa'azin Kirista na ƙarni na 13, ya tarar da coci babu kowa, sai ya tafi bakin kogi. Kifaye iri-iri suka taso, baki buɗe, har da ƙaguwa da kunkuru, kowa yana cewa bai taɓa jin wa'azi mai daɗin wannan ba. Da aka gama kowa ya juya. Mai sata ya koma satarsa, mai haɗama ya koma haɗamarsa, ƙaguwa ta ci gaba da tafiya da baya. Wa'azi ya yi daɗi, kowa yana nan yadda yake.

Abin lura shi ne ba mai wa'azin ake yi wa dariya ba, kuma ba a ji ko kalma ɗaya daga wa'azinsa ba. Masu sauraro ake kallo. Piyano yana gudana da ƙananan sautuka masu zagayawa ba tsayawa tun daga farko har ƙarshe, kamar ruwa da wutsiyoyin kifi. Kiɗan kafin wa'azi da na bayan wa'azi ɗaya ne. Ta haka tsarin waƙar da kansa ya faɗi jigonta, wato babu abin da ya motsa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa hali zanen dutse. Shaidar cewa Mahler bai ɗauki abin wasa ba ita ce ya mai da wannan rauji kashi na uku na babban kiɗansa na biyu, inda zagayen ya yi ta tsananta har ya fashe da wata ƙara mai kama da kururuwa. Haƙorin dariya shi ke cizo. Kuma masu zaune a zaure suna tafa wa waƙar, su ma sun ji daɗi, su ma za su tashi su koma gida.

9.0 Kammalawa

An bi waɗannan waƙoƙi daga inda kiɗa ke kwaikwayon kalmomi, zuwa inda yake ƙara musu, zuwa inda yake ƙaryata su. An ga cewa ba duka suke da daraja ɗaya ba. Rahar da ta dogara ga sanin wani abokin gaba takan tsufa da wuri. Misali, a 1918 Richard Strauss ya tsara waƙoƙi 12 masu suna Krämerspiegel don ya yi wa kamfanonin buga kiɗa habaici ta hanyar wasa da sunayensu, kuma mai sauraron da bai san sunayen ba sai an yi masa dogon bayani kafin ya murmusa. Haka kuma wasu waƙoƙin sun tsaya ga tsofaffin zarge-zarge, kamar tsohuwa mai mita, waɗanda ba su buƙaci wani zurfin kallo ba. Waɗanda suka daɗe suna aiki su ne waɗanda dariyarsu ta haɗa da mai magana da mai sauraro: mai kallon kifi da bai yi komai ba, saurayin da ke ba da labarin kansa da sunan wani, da taron da ya yaba wa'azi.

Ga ɗalibin Hausa, amfanin wannan nazari na hanyar aiki ne. Makaɗan Hausa ma suna ajiye magana a wajen kalmomi: a taken da kalangu ko kotso ke faɗi, a yadda ƴan amshi ke karɓa, a sauyin murya lokacin da yabo ya koma habaici. Duk wanda zai juye waƙa a takarda ya kamata ya buɗe wani gurbi a gefen kowane ɗa na waƙar, ya rubuta abin da kiɗa ke yi a wurin, da inda murya ta sauya, da inda masu sauraro suka yi dariya. In ya tarar kalmomi na yabo amma jama'a na dariya, to ya koma ya sake saurare kafin ya rubuta turken waƙar.